Rabon Kare Daga Naman Farauta: Ɗanye Ko Dafaffe?

Darasinmu na wannan fitowa a kan kare ne, da abin da muke ba shi ya ci idan an dawo daga farauta. Mun shirya shi domin a karanta a taron zumuntar maza, zumuntar mata da ta matasa, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe. Idan akwai mafarauci ko mahauci a cikin ikkilisiya, ko ma'aikacin lafiyar dabbobi a gunduma, ya kamata a gayyace shi ya zauna tare da mu.

Kowa ya san yadda abin yake. Da an gama girbi, hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, sai samari su ɗauki gora da baka su shiga daji da karnuka. A kamo zomo, gafiya, gyazbi, kurege, makwarwa, wata rana kuma gada ko gadu. A wurin fiɗa, tsoka ta shiga buhu, hanji da huhu da kai da ƙafafu kuwa a wurga wa kare nan take, ɗanye, da jininsa. Babu mai ganin laifin haka. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, a wannan farauta kuwa kare ne ya yi gudun. Shi ne kuma yake gadin gida da dare, ya kori birai daga gonar masara. Ya cancanci rabonsa, ba mu zo mu hana shi ba.

Abin da muke so mu duba shi ne wannan: abin da kare ya ci a daji ba ya tsayawa a daji. Yana biyo shi har tsakar gida inda yara suke rarrafe, ya shiga makiyayar awaki, ya shiga lambu da bakin rijiya. Idan mun gane hanyar da cuta take bi, za mu ga inda ya fi sauƙi a tare ta. A yawancin lokaci, tukunya da rami sun isa.

Tsutsa mai gida biyu

Akwai tsutsar ciki da ake kira tsila, fara ce mai faɗi, jikinta gaɓa-gaɓa. Iri-iri ce, amma waɗanda kare yake ɗauka daga ɗanyen nama halinsu ɗaya ne: ba sa iya cika rayuwarsu a jikin dabba guda. Dole su ratsa gida biyu. Gida na farko shi ne hanjin mai cin nama, kamar kare ko dila. Gida na biyu shi ne jikin mai cin ciyawa, kamar tunkiya, akuya, saniya, zomo, gada ko gadu. Ga yadda take zagayawa:

1. Tsilar da ta girma tana zaune a hanjin kare tana zuba ƙwai masu ɗimbin yawa, su fita tare da kashinsa.

2. Kashin ya bushe, ruwan sama da ƙafafu da ƙudaje su watsa ƙwan a kan ciyawa da ganye. Ido ba ya ganinsu. A rana mai zafi sukan mutu da wuri, amma a wuri mai laima da inuwa, kamar fadama, sukan yi watanni da ransu.

3. Dabba ta ci ciyawar, ƙwan ya ƙyanƙyashe a cikinta. 'Yar tsutsar ta huda hanji ta bi jini, ta je ta yi wa kanta jaka mai ruwa a hanta, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa.

4. An yanka dabbar ko an kashe ta a farauta, an wurga wa kare hantar ko huhun ɗanye. Cikin mako shida zuwa takwas abin da ke cikin jakar ya zama sabuwar tsila a hanjinsa, zagayen ya sake daga farko.

Mahauta da mata masu gyaran kayan ciki sun san waɗannan jakunkuna. Wani lokaci a gan su a nutse cikin hanta ko huhu, wani lokaci a gan su suna reto a jikin kitsen da ya lulluɓe tumbi. Abin da aka saba yi shi ne a yanke wurin, a ce wannan bai dace da mutum ba, a jefa wa kare. Wato daidai wurin da tsutsar take ne ake zaɓa a ba shi.

A cikin tsilolin nan, wadda ta fi mugunta ga mutum ita ce mafi ƙanƙanta. Tsawonta bai wuce na ƙwayar shinkafa ba. Kare ɗaya yana iya ɗauke da dubbai a cikinsa, yana cin abinci, yana gudu, babu rama, babu wata alama. Ƙwan yana manne wa gashinsa da bakinsa. Yaro ya shafa shi ya sa hannu a baki, ko kare ya lashe kwanon tuwo, ko a ci latas da kabeji daga lambun da karnuka ke shiga ba a wanke da kyau ba. Shi ke nan, mutum ya zama gida na biyu, kamar tunkiya. Jakar takan fi zama a hanta, bayan ta sai huhu. Tana girma a hankali, shekara da shekaru, har ta kai girman lemo ko ta fi haka. Mai ita yakan ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko ciki ya kumbura, ko ya yi ta tari da ciwon ƙirji. Idan jakar ta fashe a ciki tana iya kisa. Maganinta sau da yawa tiyata ne da shan ƙwayoyi na tsawon lokaci, kuma mun san abin da tiyata take nufi ga iyalin da ke dogara ga gona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci akwai mutane fiye da miliyan ɗaya masu ɗauke da wannan cuta. A Afirka ta yi suna a wurin makiyayan Turkana na arewacin Kenya, inda karnuka suke zama kusa ƙwarai da mata da jarirai. A lura da wannan: mutum ba ya kamuwa da ita ta wurin cin hanta mai jaka. Sai ta ratsa ta cikin kare tukuna. Saboda haka idan kare bai ci ɗanye ba, hanyar ta yanke.

Wata tsilar kuma asararta a garke take. Ita ce mai yin jaka a ƙwaƙwalwar tunkiya ko akuya. Dabbar ta kama juwa, tana karkata kai, tana zagaye wuri ɗaya, ko ta makance, ta daina kiwo. Mai ita ya yi sauri ya yanka, ya sayar da naman, ya jefa wa kare kan. Bayan 'yan watanni wata akuyar ta kama juwa, a ce annoba ce ko sammu. Alhali kan da aka jefar ne ya dawo. Akwai kuma doguwar tsila da kare yake ɗauka daga kayan cikin zomo. Ita ce akan ga gaɓoɓinta farare suna motsi a cikin kashinsa, kare yana jan gindi a ƙasa.

Wannan zagaye ana iya karya shi, an kuma taɓa yi. Ƙasar Niyu Zilan, ƙasar masu kiwon tumaki, ta sha fama da cutar jakar ruwa a jikin mutane da dabbobi. A 1959 suka kafa doka, aka riƙa ba karnuka magani a kai a kai, aka hana ba su ɗanyen kayan ciki sai an tafasa na minti 30. A 2002 aka ayyana ƙasar a matsayin wadda ta rabu da cutar, ko da yake ana ci gaba da sa ido. Ba wani sabon abu suka ƙirƙiro ba. Tafasa kayan ciki abu ne da kowace mace a ƙauyenmu za ta iya.

Darasi daga maƙwabtanmu na Chadi

Manya a cikinmu suna tuna kurkunu, yadda take kwantar da magidanci daidai lokacin noma. A binciken da aka fara a 1988, an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya. Aka yi aiki tuƙuru, ana tace ruwa da ƙyalle, ana haƙa rijiyoyin burtsatse, Janar Yakubu Gowon da kansa ya yi ta zagaya ƙauyuka yana jan hankalin jama'a. Mutum na ƙarshe da aka samu da ita a Najeriya a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙasar ta rabu da ita. Nijar ma ta samu wannan shaida a shekarar.

Amma a 2012 aka fara ganin kurkunu tana fitowa a ƙafafun karnuka a Chadi, a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari. A 2019 karnukan da aka samu da ita a ƙasar sun kusa 2,000. An kuma same ta a karnukan arewacin Kamaru, kusa da iyakar Chadi. Masu bincike sun danganta abin da ɗanyen hanjin kifi da kwaɗi da karnuka suke ci, gama waɗannan suna haɗiye ƙananan ƙwarin ruwa masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Bayan kamar shekara guda tsutsar ta fito, tsawonta yana iya kai mita ɗaya. Kare ya shiga tafki domin ya ji sanyi, ta zuba 'ya'yanta a ruwan da mutane ke sha. Kurkunu ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Abin da aka koya wa jama'a a can shi ne su binne hanjin kifi a rami mai zurfi, su kuma ɗaure karnuka a lokacin da tsutsar ta saba fitowa. Da haka yawan karnuka masu ita ya ragu ƙwarai.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. 'Yan'uwanmu da ke kamun kifi a bakin Binuwai, Gongola ko tafkin Chadi su riƙa binne hanjin kifi. Duk wanda ya ga farin zare yana fitowa daga ƙafar kare, ya ɗaure shi nesa da ruwa, ya sanar da asibiti mafi kusa a ranar.

Mushe ba tsintuwa ba ce

Wani lokaci mafarauci yakan tarar da dabba a mace a daji, ko ya ga wadda ta kasa gudu, kare ya kama ta ba wahala. Kafin a yi murna, a tambaya: me ya kashe ta? Lafiyayyen naman daji ba ya tsayawa a kama shi da hannu.

Abu na farko da ake tsoro shi ne ciwon saifa. Yana kashe shanu, tumaki, awaki da namun daji farat ɗaya. Alamarsa a jikin mushe ita ce baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci, baki ko dubura, ciki kuma ya kumbura da sauri. Idan aka buɗe mushen, ƙwayar cutar ta sha iska, sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta zauna a cikin ƙasa shekaru da yawa tana jiran wata dabbar. Kare yana da ƙarfin jure wannan cuta fiye da tunkiya, ko da yake wuyansa yakan kumbura, wani ma ya mutu. Babbar ɓarnarsa ita ce jan nama da ƙasusuwa daga wurin mushen zuwa gida da makiyaya. A 2011, a ƙasar Zambiya, dorinai sun mutu da wannan cuta a kogin Luwangwa, mutane suka feɗe suka ci, fiye da mutum 500 suka kamu. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ita a wata gonar dabbobi a Jihar Neja. Ba labarin nesa ba ne. Mushen da ake zargi kada a feɗe shi, kada a cire fata. A kori karnuka, a sanar da ma'aikacin dabbobi, a ƙone shi ƙurmus ko a binne a rami mai zurfin mita biyu.

Abu na biyu guba ne. Ana sa wa ɓeraye magani a rumbu, ana sa wa birai da tsuntsaye a gona, waɗansu ma suna zuba maganin ƙwari a rafi domin kifi. Dabbar da ta ci guba tana ɗauke da ita a cikinta, musamman a tumbi da hanji da hanta, wato daidai rabon kare. Dafuwa ba ta kashe irin wannan guba. Haka nan naman da aka harba da bindigar toka: gutsattsarin dalma da ƙarfe suna watsuwa kewaye da raunin. Dalma guba ce ga kare da mutum, musamman yara da mata masu ciki. A yanke naman da ke kewaye da raunin a binne, kada a ce bari a ba kare.

Sai kuma ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ɓera mai yawan nonuwa ne yake ɗauke da shi, yakan kuma tsananta da rani, lokacin ƙunar daji. Haɗarin yana kan yaron da ya ƙwace ɓera daga bakin kare, ya feɗe shi da hannu, jini da fitsarin ɓeran suka taɓa shi. A hana yara farautar ɓera. Wanda kare ya kawo gida a ɗauke shi da shebur a binne.

Gadu da aladen daji suna da nasu. Akwai wata ƙaramar tsutsa da ke ɓuya a cikin tsokarsu, ba a ganinta da ido. Kyafewa, shanyawa da sa gishiri ba sa kashe ta, sai dafuwa har tsakiyar naman ya daina ja. Tana kama duk mai cin naman ɗanye, kare ko mutum. A jikin mutum takan kawo gudawa, zazzaɓi, kumburin ido da ciwon tsoka mai tsanani. A wuraren da ake cin naman kare, tana iya bi ta jikin karen ta iso ga mutum, idan gashin bai nuna ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Maganar ƙasusuwa

A nan akwai abin lura, gama dokar nama dabam take da ta ƙashi. Nama dafaffe ya fi lafiya, amma dafaffen ƙashi ya fi ɗanye haɗari. Wuta tana busar da shi, idan kare ya tauna sai ya tsattsage kamar allurai. Ƙasusuwan makwarwa, zabo, kaza da zomo sun fi yin haka. Tsinin yana iya gittawa a gandar baki, ko ya maƙale a maƙogwaro, ko ya huda hanji. Idan sun yi yawa sukan dunƙule su toshe ciki, kare ya yi ta nishi ba ya iya kashi. Ɗanyen ƙashi ma ba shi da tabbas. Babba mai tauri, kamar na ƙafar saniya, yana fasa haƙori. Kare kuma yakan ja shi ƙasa, ya binne, ya tono bayan kwana uku, ƙudaje su tashi daga kansa su sauka a kan abincin yara.

Hanya mafi kyau ita ce a dafa har naman ya saki, a zare ƙasusuwan, a ba kare naman da romon. Ƙasusuwan a jefa cikin wuta su ƙone har su yi fari, a daka su zama gari. Garin yana da amfani: a zuba kaɗan a abincin kaji masu ƙwai, ko a barbaɗa a lambu. Ƙayar beguwa da fatar bushiya kuwa a ƙone su gaba ɗaya.

Ga gargaɗi mai muhimmanci. Idan kare yana dalalar da miyau, bakinsa a buɗe, ya kasa haɗiya, kowa zai ce ƙashi ne ya maƙale masa. Kada a sa hannu a bakinsa. Ciwon haukan kare iri biyu ne. Akwai mai faɗa da cizo wanda kowa ya sani, akwai kuma mai shiru, wanda muƙamuƙi da maƙogwaro suke shanyewa. Na biyun kamarsa ɗaya da maƙalewar ƙashi, cutar kuwa tana cikin miyau, ƙaramin rauni a yatsa ya ishe ta shiga. Karen farauta ya fi na gida haɗuwa da ita, domin yana faɗa da dila da tunku da baƙin karnuka. A ɗaure shi a wurin da yara ba sa zuwa, a kira ma'aikacin dabbobi. Kada a yanka irin wannan kare, kada a sayar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allura. Kada a ɓata lokaci wurin ɗaura gashin karen ko ganye a kan raunin.

Abin da mutane sukan ce

Wani zai ce, kakanninmu haka suka yi, ba abin da ya same su. Gaskiya ne sun yi, amma a zamaninsu mutum yakan mutu da kumburin ciki a ce ƙaddara ce, babu na'urar da za ta nuna abin da ke cikin hanta. Yanzu kuma mun yi yawa, gidaje da garke da lambu sun matse wuri ɗaya.

Wani zai ce, dila da kura ɗanye suke ci, suna nan lafiya. Su ma suna ɗauke da tsutsotsi. Bambancin shi ne dila ba ya kwana a ƙofar ɗakinmu, ba ya lasar fuskar jariri.

Mafarauta sukan ce kare in bai ɗanɗana jini ba zai yi sanyi. Zafin farauta daga iri yake fitowa, da horo, da ƙoshin lafiya. Karen da tsutsa ta cika wa ciki shi ne mai saurin gajiya. Wanda aka saba masa tun yana ɗan kwikwiyo ya kawo nama ga maigidansa, ya jira ladansa a kwano, ya fi amfani a kan wanda ke yaga zomo ya cinye rabi kafin a iso. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mata za su ce, ina itacen dafa wa kare? Ba a bukatar sabuwar wuta. Bayan an sauke tuwon dare, a ɗora tsohuwar tukunya ko gwangwani a kan ragowar wutar, a ƙara kara biyu ko uku.

Wani kuma zai tuna mana da Fitowa 22:31, inda aka hana Isra'ilawa cin naman dabbar da namun jeji suka kashe, aka bar wa karnuka. Manufar dokar ita ce a keɓe jama'a daga cin mushe, ba koyarwa ba ce a kan kiwon kare. Karin Magana 12:10 kuwa ta nuna cewa kula da ran dabba halin mai adalci ne. Wanda ya san abu zai cuci karensa da iyalinsa, ba zai ba shi ba.

Abin da za mu yi

1. A tafi farauta da leda ko gwangwani domin rabon kare. A ba shi ɗumame kafin a fita, domin kada yunwa ta sa ya yi wawaso. Idan za a kwana a daji, a gasa rabonsa a ƙananan yanka har ya nuna ciki da waje.

2. A gida, a yanyanka kayan cikin ƙanana, a tafasa na minti 30 daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. A zare ƙasusuwa, a haɗa da tuwo ko dusa, a bar shi ya huce.

3. Hanta ko huhu mai jakar ruwa, kan dabba mai juwa, hanjin kifi, da naman kewayen harsashi, duk a ƙone ko a binne a rami mai zurfin ƙugu, a danne da duwatsu da ƙaya. Wannan doka ta shafi yankan gida ma, musamman lokacin Kirsimati da bukukuwa.

4. Kare ya samu kwanonsa na kansa. Kada ya lashe kwanon mutane, kada a wanke nasa tare da namu.

5. A kwashe kashin kare daga tsakar gida kowace safiya, a zuba a masai ko a binne. A yi wa lambu shinge. A wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a ci ɗanye.

6. Yara su wanke hannu da sabulu ko toka bayan sun taɓa kare, da kuma kafin cin abinci. Mai rauni a hannu kada ya yi fiɗa sai ya rufe hannun da leda.

7. Ba za mu iya tsare duk abin da kare zai kama da kansa ba, saboda haka a ba shi maganin tsila aƙalla sau huɗu a shekara. Sunan da za a nema a jikin kwali shi ne Praziquantel, ma'aikacin dabbobi zai auna gwargwadon nauyin karen. Allurar Ivomec da aka saba yi wa awaki ba ta kashe tsila. Bayan an ba shi, a ɗaure shi kwana biyu ko uku, a ƙone kashinsa, gama maganin yana kashe tsutsar amma ba ya kashe ƙwanta.

8. A yi wa kowane kare allurar haukan kare daga wata uku da haihuwa, a maimaita kowace shekara, a ajiye takardar. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wannan allura. Idan aka yi wa bakwai cikin kowane karnuka goma a gari, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa.

Wannan aiki ba na gida ɗaya ba ne. Kare ba ya sanin iyakar gona. Idan Baba mai gida na gabas yana dafawa, na yamma yana wurgawa ɗanye, ƙwan tsila zai iso rijiyar da duka suke ɗiba. Ya kamata dattawan ikkilisiya su zauna da mai unguwa, da shugaban mafarauta, da maƙwabtanmu Musulmi da Fulani makiyaya, a sa rana ɗaya ta allura da magani ga dukan karnukan gari. Idan an haɗa kuɗi an kira ma'aikaci sau ɗaya, ya fi arha a kan kowa ya kai nasa. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, tana kuma zuwa kafin lokacin farauta, don haka ta dace da wannan shiri.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ƙauyenmu, wane ɓangare na nama ake ba kare, kuma wa yake ba shi?

2. Wa ya taɓa ganin jakar ruwa a hanta ko huhu? Me aka yi da ita?

3. Awaki ko tumaki nawa muka rasa saboda juwa a shekaru biyu da suka wuce? Nawa ne kuɗinsu, idan aka gwada da kuɗin maganin kare ɗaya?

4. Ina ake zubar da kayan ciki a mayankar kasuwarmu? Karnuka suna iya kai wa wurin?

5. Karnuka nawa ne a garinmu, nawa ne aka yi wa allura a bana?

6. Wane abu ɗaya ne za mu fara yi a wannan mako, kuma wa zai ɗauki nauyinsa?

Muna roƙon sakataren kowace ƙungiya ya rubuta amsar tambaya ta biyar da ta shida, ya ba ma'aikacinmu idan ya zo ziyara, domin mu san garuruwan da za a fara shirya ranar allura. Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu da dabbobinmu.